Saukar da Babu Sunan Hajiya

Dokar aikin gwamnati a ƙasar nan ta ce ma'aikaci zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 a duniya, ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ni ta biyun ce ta cim mini, a farkon 2023. Tun 1988 nake sashen binciken kuɗi, aikina duba littattafan mutane da gano inda naira ta zurare. Aka yi mini walimar ban kwana, aka ba ni agogon bango da takardar yabo, kowa ya tashi ya ce in je gida in huta, na yi wa ƙasa iyakar abin da zan iya. Na kuwa ɗauki maganar da gaske. Na dawo gida da niyyar in huta iyakar hutawa, domin a ganina haƙƙina ne, da gumina na same shi.

Ban daɗe da kama aiki ba aka ɗaura mana aure da Hajiya. Yarinya ce a lokacin, tana karatun allo, ba ta yi nisa ba. Ranar da magabatana suka je neman auren, mahaifinta, Allah ya jiƙansa, ya ce ba ya neman komai a wurinmu sai abu ɗaya: a bar 'yarsa ta ci gaba da karatu har ta sauke. Kawuna ya amsa da yawuna. Sai haihuwa ta zo, ɗaya na bin ɗaya, ga goyo ga ciki, ga mahaifiyata da ta dawo hannunmu a ƙarshen rayuwarta, Hajiya ce ta yi jinyarta har Allah ya karɓi abarsa. Duk lokacin da maganar karatu ta taso sai ta ce, "In na aurar da auta zan koma, in Allah ya kai mu." Ni kuma in ce Allah ya kai mu, in ɗauki jakata in fita.

Allah kuwa ya kai mu. Aka kai auta ɗakinta, Hajiya ta ɗinka hijabin makaranta, ta sayi Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, ta shiga makarantar matan aure ta unguwarmu. Daga Asabar zuwa Laraba, ƙarfe tara zuwa sha biyu. Mace mai jikoki ta zauna kan tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, ba ta ji nauyi ba. Da daddare nakan jiyo ta tana bitar abin da aka biya mata, ta tsaya, ta koma baya, ta sake ɗaukowa.

Abu biyu ne suka sa karatun ya yiwu, kuma a lokacin ban lura da ko ɗaya ba. Na farko, ba na gida. Kafin takwas na fita, shayi da burodi sun ishe ni, abincin rana a wurin aiki nake ci, sai la'asar sakaliya in dawo. Na biyu, Iya. Wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu, take zuwa mana aikatau tun yaranmu na ƙanana, su suka sa mata Iya har ya bi ta. Takan zo da sassafe ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke, ta wanke banɗaki, ta kai markaɗe, ta gyara kayan miya. Abin da ake ba ta a wata bai kai kuɗin man da nake zuba wa motata a mako ba.

Da na daina fita, sai na koma barci bayan asuba. In farka wajen tara, in nemi kunu mai zafi da ƙosai, tunda yanzu ba sauri nake ba. Taran nan kuwa ita ce lokacin da ya kamata a ce Hajiya tana gaban Malama. Akwai maƙwabciyarmu da suka shiga aji tare, kullum takan tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama da ƙarfi: "Hajiya, kin shirya? Mu tafi kada a fara babu mu." Sallamar nan takan katse mini barci, har na taɓa cewa a gaya mata ta riƙa rage murya.

Sai abincin rana, wanda shekara da shekaru ba a ɗora mini tukunyarsa sai ranar hutu. Yanzu ina so ana idar da azahar in tarar da shi. Likita kuma ya ce sukarina ya hau, in rage shinkafa da tuwon masara, sai aka koma tuƙa mini na alkama daban da miyar ganye. Tukunya biyu ke nan a inda da ɗaya ce.

Sai majalisa. Mu 'yan fanshon unguwa muka gane juna, soron gidana kuma ya fi faɗi da iska. Daga hantsi ake shimfiɗa tabarma. Mu taɓa siyasa, mu koka da tsadar rayuwa, mu ƙirga waɗanda aka biya da waɗanda suka mutu suna jira. Ni mai masauki in leƙa cikin gida in ce, "Hajiya, a ɗora shayi." In an jima, "A ƙara hannu a abincin nan, su Alhaji a nan za su ci." Ba na faɗa da wuri, ba na faɗin adadi. Faranti ya fito cike ya koma ba komai, abokai su ce gidan Alhaji akwai karamci, ni kuma in amsa yabon. Ranar Asabar da Lahadi 'ya'ya su kawo jikoki su wuce harkokinsu, in ɗauki ƙaramin in yi masa wasa, yana fara kuka ko ya ɓata wando in miƙa shi ciki.

Duk wannan da sauƙi, da ba don kuɗi ba. Tun dokar fansho ta 2004 aka koma tsarin adashi: a cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a tara masa a asusu. Amma irinmu da muka fara aiki tun kafin dokar, akwai haƙƙin shekarun baya da sai an lissafa an zuba kafin a fara ba mutum ko kwabo. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, watanni na ta tafiya. Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai na kasuwa ya bi ta, daga buhun masara a Dawanau har kwandon tumatir a Yankaba.

Na koma ga abin da na iya. Na sayi littafi mai layi, na tsaga shi gida-gida: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da za a iya yankewa. Na yanke gas, aka koma gawayi. Na yanke mai wanki da guga. Na ce kai markaɗe inji kullum ɓarna ce, jajjage a turmi ya wadatar. Na ce kuɗin 'yan garuwa ya yi yawa, a riƙa tara ruwa duk daren da famfo ya kawo. Kowane layi na ja sai in ga adadi ya sauka a takarda, in ji daɗi irin wanda nake ji a ofis in na kama kuskure. Ban yanke man mota ba. Ban yanke shayin majalisa ba, ban yanke zuwa ɗaurin aure garuruwa ba, domin a cewata waɗannan mutunci ne, mutum ba ya wasa da mutuncinsa don ya yi ritaya.

Bayan Babbar Salla na iso kan layin Iya. Na kira Hajiya da daddare na nuna mata littafin, na ce daga ƙarshen wata Iya ta huta.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, Iya fa ita ce ƙafata a gidan nan."

Na ce, "Hajiya, da can gida cike yake da yara. Yanzu daga ni sai ke. Wane aiki ne ya rage da har sai an biya wata? Ni da na yi shekara talatin da biyar ina fita ban ce na gaji ba. Ke kuwa a gida kike."

Ba cikin fushi na faɗi wannan ba, ba kuma da niyyar cin fuska ba. Na faɗa ne don har zuciyata na yarda haka abin yake. Ta ce, "To, Allah ya rufa asiri." Na ce amin, na ja layi a kan sunan Iya, na tashi da jin cewa mun yi shawara mun amince. Ko sallamar ma ban yi da bakina ba, Hajiya na bar wa.

Daga nan alamu suka yi ta zuwa, ina tsallake su. Wata safiya ta fito da hijabin makaranta ta ce, "Malam, yau Malama za ta yi mana ƙari, ga abinci nan a kula." Na ce baƙi za su zo daga Zariya, ba za a ba su abincin kula ba, ta bari gobe ta je, karatu ai ba ya gudu. Ta koma ɗaki ta cire hijabin. Wata rana na gan ta tana nafila a zaune, na tambaya ta ce gwiwa ce, na sayo mata man zafi a kemis, na ji na sauke nauyi. Bitar dare ta ɗauke, na ɗauka ta koma yin ta da rana. Sallamar maƙwabciya ma ta ɗauke, na ji daɗin barcina. Ina ganin Hajiya da hantsi a tsakar gida tana fifita gawayi, ko tana durƙushe gaban baho, ban ga wani baƙon abu ba, domin tun da na san ta a nan nake ganin ta.

A watan Sha'aban, daf da azumin 2024, shugabannin makarantar suka same ni har soro suka ce za a yi bikin sauka, suna so in zama babban baƙo mai jawabi, in kuma miƙa shahada. Suka ce ni dattijo ne mai boko da Arabiyya, kuma maigidan ɗalibarsu. Na amsa da murna. Mutumin da ya saba ana kawo masa fayil ya sa hannu, in aka daina nemansa, gayyata irin wannan tana shiga ransa ƙwarai. Na san Hajiya ba ta cikin masu sauka, tunda ban ga ana shirin walima a gidana ba. Na ɗauka ajinsu na baya ne. Ban tambaya ba.

Na zauna na shirya jawabi kan ilimin mata. Na ɗauko Nurul Albab na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, littafin da na karanta a zaure tun ina saurayi. A cikinsa Shehu ya yi kakkausan faɗa ga malaman zamaninsa da ke tara ɗalibai a waje suna koyarwa, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna riƙon su kamar kayan aikin gida da ake mora har su lalace a yar. Ya kuma faɗakar da mata game da masu ɗora musu girki da wanki da sauran hidima da sunan biyayya, ba tare da sun koya musu abin da Allah ya wajabta musu sani ba. Na ƙara da tarihin 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da 'Yan Taru, da matan nan da ake kira jaji masu ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka. Ina rubutu ina kiran a kawo shayi. Babbar rigar da na sa ranar, Hajiya ce ta wanke ta, ta sa mata sitaci, ta goge da dutsen gawayi saboda babu wuta. Da safe ta ce in yi gaba, za ta biyo ni in ta sauke tukunya, domin na gayyato abokai cin abinci bayan taro.

Jawabin ya karɓu, aka yi ta kabbara. Na ɗaga murya a inda Shehu ya yi faɗa, na ce duk namijin da ya tsare matarsa a madafa ya hana ta sanin Ubangijinta zai amsa tambaya gobe ƙiyama. Ina cikin magana na hango Hajiya ta shigo, ta zauna can baya cikin 'yan kallo, da mayafinta na unguwa.

Aka fara kiran suna. Ana kira, mace ta taso cikin farin hijabi, in miƙa mata shahada. Ba a yi nisa ba aka kira maƙwabciyarmu mai sallama. Na miƙa mata, na yi mata barka, wani abu ya ɗan taɓa ni amma ban tsaya a kansa ba. Sai wata da na sha gani a gidana suna bita da Hajiya. Sai wata kuma. Da aka shafa fatiha na matsa kusa da Malama, dattijuwa mai nutsuwa, na ce, "Malama, su Hajiya kuma sai baɗi ke nan?"

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Alhaji, ai wannan ne ajinsu. Hajiya ma tana cikin na gaba-gaba. Ba a daɗe da Babbar Salla ba ta daina zuwa, tana cikin Ma'ida. Na aika, na je da kaina, ta ce aiki ne ya yi mata yawa, in yi haƙuri. Mun ɗauka ka sani."

Ina tsaye, takardar jawabina a naɗe a hannuna, mutane na zuwa suna miƙo hannu suna cewa Allah ya ƙara basira, ina amsawa da baki. Gara in faɗi gaskiya, abin da ya fara zuwa mini ba nadama ba ce. Kunya ce, da lissafin su wa suka sani. Malama ta sani. Matan nan masu farin hijabi duk sun sani, a kan idonsu wurin zamanta ya zama wofi. Mazajensu ma wataƙila sun sani, wasunsu a sorona suke shan shayi. Duk sun zauna sun saurare ni ina karanto laifina da bakina, ina jingina shi ga wasu mazaje da ban ambata ba. Sai bayan wannan tunanin ita kanta ya zo. Jinkirin nan har yau yana damuna: ko a lokacin da abin ya fito fili, kaina na fara tunawa.

Wanda ya yi karatun allo ya san me ake nufi da Ma'ida. Daga ƙasa ake farawa, daga gajerun surori, a yi ta hawa har a kai Baƙara. Mai Ma'ida ta riga ta wuce izu arba'in da ɗoriya cikin sittin. Nisa'i da Ali Imrana da Baƙara ne kawai a gabanta. Ta hango ƙarshen abin da ta jira fiye da shekara talatin, abin da mahaifinta ya roƙa, abin da aka amsa masa da sunana. A nan na tsayar da ita, saboda kuɗin da bai kai man mota na mako ba, saboda kunu mai zafi, saboda yabon da abokaina ke yi wa gidana. Sai kowace alama ta dawo mini da ma'anarta: hijabin da aka cire, bitar da ta ɗauke, sallamar da na ji daɗin rashinta, gwiwar da na sallama da man zafi. Ba ɓoye mini aka yi ba. An gaya mini da Hausa, a cikin ɗakina, na ji da kunnena, na amsa da amin. Kuma ita ta zauna a bayan taron nan ta ji mijinta yana faɗin haƙƙin mata, ta ga ƙawayenta suna karɓar shahada daga hannunsa, ba ta tashi ba sai da aka gama.

Na waiga in nemo ta, ta riga ta tafi. Ta koma ta zuba wa baƙina abinci.

Da daddare, bayan kowa ya watse, na same ta tana kankare ƙanzon tukunya. Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki gaya mini kin bar makaranta ba?" Tambayar ma a karkace na fara ta, na mayar da laifin kanta. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, kana gida fa. Kullum kana gida." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Kai an yi maka walima an ce ka huta. Ni wa zai ce mini in huta? Na ɗauka in yara sun tafi, awa ukun nan nawa ne. Ni ba ma hutu na nema ba, karatu na nema." Ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawon wannan a kan kanta ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta ci gaba da tukunyarta. Na tsaya a kanta, ban san ma ta inda zan kama ba.

Na daɗe ina juya abin, ina neman inda lissafina ya karkace. Littafin nan nawa babu ƙarya a cikinsa, kowane adadi daidai yake. Amma ba shi da gidan lokaci, ba shi da gidan ƙarfin jiki. Duk abin da na yanke, aikinsa bai ɓace ba, wuri ya sauya: daga inji ya koma turmi, daga gas ya koma fifita gawayi, daga hannun mai wanki da hannun Iya ya koma hannun mace mai shekara hamsin da ɗoriya da ciwon gwiwa. Da yake ita ba a biyan ta, sai littafin ya nuna riba. Ba ni kaɗai ke wannan lissafin ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 da ya nuna mata ne ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin gida da kula da iyali da ba a biya: a matsakaici mace awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Wannan kuma lissafin duniya ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ke da injin wanki da ruwan da ba ya yankewa. Macen da za ta tashi cikin dare tarar ruwa, ta hura gawayi safe da rana da dare, nata ya wuce haka nesa. Ni kuwa ko awa ɗayan nan ta maza ban taɓa bayarwa ba.

Ba zan fake da addini ba, ko da yake da an tambaye ni a lokacin can zan nufa. Malamai sun yi saɓani kan hidimar gida: wasu sun ce tana kan mace gwargwadon al'adar wurinsu, wasu sun ce kyautatawa ce daga gare ta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, ta ɗora wa miji mai hali ya samar wa matarsa mai hidima. Wani zai ce ai ba ni da hali a lokacin. Mutumin da ke da man zuwa ɗaurin aure Katsina da Gusau, yake ciyar da majalisa, ba zai ce ya rasa kuɗin Iya ba. Zaɓi na yi. Ko da a ce babu halin ma, akwai hannuwa biyu lafiyayyu da ke zaune a soro daga hantsi zuwa magariba. Hadisin Nana A'isha da Imamu Buhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi ya fita, na sha jin sa, na sha faɗin sa. A wata ruwayar yakan ɗinke tufafinsa, ya gyara takalminsa. Muna son hadisin nan a wa'azin biki. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa zama suka ce, to wace hidimar ce takamaimai ni zan yi gobe da safe.

Kai da ya rage maka shekara biyu ko uku ka ajiye aiki, na san lissafin da kake yi, domin na yi shi: nawa za a ba ni dunƙule, nawa a wata, gona zan kama ko shago, gidan nan zan ƙarasa ko Umara zan je. Na kuma san kana ganin kai ba irina ba ne, kana kyautata wa iyalinka, ba ka taɓa barin su da yunwa ba. Ni ma haka. Ban taɓa zagin Hajiya ba, ban taɓa hana ta fita ba, da bakina ban taɓa cewa ta bar makaranta ba. Cika mata ranarta kawai na yi har babu sauran wuri. Matan zamaninmu kuma da haƙuri aka yi musu nasiha ranar da za a kai su ɗaki, yi na yi bari na bari. Irin wannan mace ba za ta yi maka gardama ba. Sau ɗaya za ta faɗa, a hankali, in ba ka ji ba ta ɗauki kayan ta ɗora a kanta.

Da na ba abokan majalisa labari, na kuma ce daga yau shayi a wurin mai shayi za mu saya, abinci kowa ya ci a gidansa, ba kowa ya ji daɗi ba. Wani ya ce in garatuti ya fito in ƙaro aure, amarya ta rage wa Hajiya aiki. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, shawara ce da ake ba 'yan ritaya da yawa. Ban ga laifin ƙarin aure ga mai hali da adalci ba, amma in auro mace don ta ɗauki tsintsiyar da ni na ƙi ɗauka, maimaita laifina ne a kan wata. Wani kuma ya ce mace raina namiji take in ta gan shi gaban baho, za a ce na zama mijin-ta-ce. Wannan tsoron na san shi, domin ranar farko da na ɗauki tsintsiya sai da na tura ƙofar gida na sa sakata. Abin ya ba ni takaicin kaina: ina jin kunyar a gan ni ina shara, ban ji kunyar a ga matata tana salla a zaune saboda aikina ba.

Gyaran bai zo da sauƙi ba, bai kuma kammala ba. Gas ya dawo, markaɗe ya koma inji, mota ta fi zama a gida. Karin kumallo ni nake haɗa wa kaina, shara da tarar ruwa da guga sun dawo wuyana. Da farko kullum sai in tsaya a ƙofar madafa in ce, "Hajiya, me zan yi?" ina jin na yi abin kirki. Rannan ta ce, "Malam, in sai na tsaya na tuna maka, na nuna maka, na dawo na duba ko ka yi daidai, to aiki ka ƙara mini. Gidanka ne. In ka ga kwano, ka wanke." Har yanzu a nan nake kasawa. Idona bai saba ganin aiki ba, ina iya tsallake bokitin wanki in wuce masallaci ban lura ba, in dawo in tarar ta shanya.

Hajiya ta koma makaranta bayan Ƙaramar Salla, amma ajinta ya tafi. Aka haɗa ta da na baya, su kuma suna A'arafi, sai ta koma ta bi su. Idonta ya ƙara rauni, sai da aka yanka mata tabarau. Ƙawayen da suke bita tare sun wuce ajin Ahalari da Ishmawi. Walimar da ya kamata ta yi tare da su ba za ta dawo ba, neman gafarata bai mayar mata da wannan ba.

Akwai kuma mutum na biyu da na zalunta, wadda sai can daga baya na tuna da ita. Iya na da marayu a hannunta. Na yanke mata abinci a daidai watannin da kwanon masara ya fi ƙarfin talaka, bayan shekarun da ta yi tana share mana gida, ba sanarwa, ba sallama ta kirki, alhali ni ina zaune a soro ina kukan an riƙe mini haƙƙina na ritaya. Da kuɗina suka fito na sa aka nuna mini inda take, na je da kaina. Na tarar ta kama wanke-wanke a wurin wata mai sayar da abinci a bakin kasuwa, daga safe har dare. Na roƙe ta ta dawo. Ta ce, "Alhaji, na riga na yi wa matar nan alkawari, ita ta ɗauke ni lokacin da ba ni da madafa." Na ba ta kuɗin watannin da ta rasa, da abin da ya kamata a ce tun farko na ba ta na sallama. Ta karɓa, ta tambayi gwiwar Hajiya, ta ce a gaishe ta. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ya wuce, Alhaji," ta koma kan bahonta, domin kwanuka na jiran ta.

Wata matar ce ke zuwa mana yanzu, Hajiya ce ta zaɓe ta, ita ta yanka mata albashi. Kwana uku take zuwa a mako, sauran kwanakin ni ne.